Saniyar Hammadu da Ciyawar Roba

Zuwa ga Mai Girma Kapitan, shugaban riƙo na komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma da tambayar aiki da iyali da zafin bazara, ni ne Umaru, makiyayi, mai bukkoki uku a bayan rijiyar dabbobi. Yau kwana tara ke nan saniyar da ke hannuna tana furiyarku, inda kuke tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Sau huɗu ina zuwa biro, wato ofishinka, gardi mai tsaron ƙofa yana ce mini kana Tasawa wajen taro. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ba na kushe aikin da ka yi wa farfajiyar biro. Ƙasar wurin laka ce, ba ta shan ruwa. Kowace damina motoci na kafewa, masu neman takarda na shiga da caɓi har ƙwauri. Da sojoji suka karɓi mulki aka turo ka, ka sa aka kwashe lakar, aka zuba tsakuwa da yashi, aka binne bututu, aka shimfiɗa ciyawar roba a kai. Ɗan ruwan da Allah Ya ba mu bara, kafin mutum ya gama alwala ya tsiyaye. Aiki ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinka ba.

Na biyu. Ranka shi daɗe, kafin a gina biro wurin nan ɗan tabki ne, kuma lakar da ke ba ku haushi ita ke riƙe mana ruwa har bayan kaka. Nan shanun babana ke sha. Balbelu su sauka a bayansu, kwaɗi su cika gari da kuka, mata masu ginin tukwane su ɗebi yumɓu a gefe suna yi mana tsiya. Har yau in na kishingiɗa da rana ƙarƙashin aduwa nakan ga wurin cike fal, jajayen shanunmu sun shiga har ƙirji, ina kiran su da suna ɗaya ɗaya, har waɗanda fari ya kwashe suna ɗago kai. Sai ƙuda ya tashe ni. Shanu ma ba su da mantuwa, kuma burtalinmu na zuwa rijiya har gobe ta ƙofarku ya bi.

Na uku. Ka san halin bana. Daga nan har Urafane babu tsinken ciyawa, dabbobi kwali suke ci. Ranar Laraba ta makon jiya da hantsi muna wucewa, aka buɗe wa mota ƙofa. Wule, saniyar, ta hango kore shar. Dabbar da ke jan ƙafa da ƙyar, sai ga ta da gudu kamar maraƙi. Ta kafa baki ta fizga, ta yage kamar faɗin tabarma, ta tauna, ta tofar, ta matsa gaba ta sake gwadawa, sannan ta juyo tana kallona. Wallahi ban hana ta ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ni kaina tsayawa na yi. Zuciyata ta ce mini an yi ruwa a wurin nan shi kaɗai, tabkinmu ya dawo. Har takalmi na tuɓe na taka. Sai da robar ta ƙona mini tafin ƙafa na dawo hayyacina, lokacin gardi ya riga ya sa mata igiya.

Na huɗu, kuma shi ke hana ni cin tuwo. Wule ba tawa ba ce. Shekarar da fari ya share mini garke, abokina Hammadu ya koro ta daga Issawane a ƙafa, ya ɗaure a turkena. Mu muna kiran wannan habbanaye: saniya ta zauna wajenka ka sha nono, ta haifa maka ƴaƴa uku, su naka ne, ita ka mayar wa mai ita da hannunka. Ta ba ni biyu, na ukun yana cikinta. In ta mutu, al'adarmu ba ta yarda Hammadu ya nemi ko gashin wutsiyarta ba. Ai gara a ce zai nema.

Na biyar. Jiya na leƙa ta katanga. Tana kwance a rana, ba ta tuƙa, cikinta ya kumbura ta hagu. Ina tsoron ta haɗiyi roba. Likitan dabbobi bai gan ta ba, ni kuma an hana ni shiga in ba ta ko dusa.

Don haka ina roƙon a sa likita ya duba ta yau, a sake mini ita. Inda ta yage zan zo in ɗinke da basilla, na iya ɗinkin fata. A kuma kafa zana a ƙofar nan har ruwa ya sauka, don ba Wule kaɗai ke da ido ba.

Hammadu ya aiko cewa zai biyo ranar kasuwa mu gaisa. Na san shi. Zai zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har ta kaji. Zai dubi turken nan da babu kowa, ya kawar da kai, ba zai ce uffan ba. Wannan shirun nake roƙon ka fisshe ni, ranka shi daɗe.

Allah Ya ba ka ikon adalci, Ya tsare ka da iyalinka, Ya sauko mana da damina mai albarka.

Wassalam.

Umaru makiyayi, bayan rijiyar dabbobi.