Barkono a Yatsun Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Ki zauna kafin ki karanta wannan takarda, kuma kada ki ba mijinki ya karanta miki, don abin da ke ciki ba na alfahari ba ne.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ciwon bayan nan naki. Mu nan sai godiyar Allah, ban da Auta, wadda kika bar mana a kwance.

Kin san shekara nawa yarinyar nan tana ɓantarar fatar yatsunta. Tun tana aji uku take yi. Da ta zauna shiru, sai farce ya kama gefen babban yatsa, ta ja, ta ja, har jini ya fito, in mikin ya yi ɓawo ta ɓamɓare shi. Na yi faɗa, na buge hannun da bayan cokali, na ɓoye shi a aljihun rigarta in an yi baƙi. Amma ni uwa ce, na san iyakata. Ke da kika zo ranar Asabar, sai kika jira na tafi kasuwa, kika dama barkono da man shafawa, kika cusa mata a kan ɗanyen miki, wai in ya yi zafi za ta daina. A wace makaranta aka koya miki wannan? Kitso kika iya, ki tsaya a kan kitso.

Zuwa Litinin yatsu uku sun kumbura sun tara mugunya. Haka ta je gidan burodin da ta sha wahala wata biyar kafin su ɗauke ta aiki. Mai gidan burodin ya dubi hannun, ya ce ko da safar hannu ba zai bar ta kusa da kwaɓinsa ba. Ya ba ta mako uku. In hannun bai warke ba, akwai masu jiran gurbinta. Garin gyaran gira kin kusa tsone mata ido.

Gobe za mu asibiti. Kada ki zo, kada ki aiko da komai.

Yayarki,
Maman Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, wanda kika ce ni ma in duba nawa tudun. Ban manta ba, za mu zo kansa.

An wanke mikin, an ba ta magani. Daga nan suka tura mu wurin wata likita da ba ta ko taɓa hannun ba, sai tambayoyi. Ta ce wannan ba iskanci ba ne, ba ƙazanta ba ce, lalura ce da ake magancewa, kuma sau da yawa hannu na yi ba tare da mai shi ta sani ba. Na ce mata a zamaninmu tarbiyya ake kiran maganinsa. Likitar ta yi murmushi, yarinyar da a haife na haife ta. Ta sa Auta ta yanke farce, ta rufe yatsun da filasta, ta riƙa shafa mai kada fatar ta bushe. In ta ji hannun na ƙaiƙayin yi, ta dunƙule shi ta ƙirga sittin, ko ta murza wata 'yar ƙwallon roba. Sannan ta ba ta ƙaramin littafi, ta riƙa rubuta duk lokacin da abin ya taso mata, da abin da ke faruwa a lokacin.

Da muka koma bayan kwana goma, likitar ta nemi izinin Auta, ta miƙo mini littafin. Sunanki ya fito sau shida: Anti ta kama hannuna tana dubawa, Anti ta bugo waya tana tambayar yatsu. Nawa ya fito sau ashirin da biyu, kusan duka bayan cin abinci, lokacin da nake zaunar da ita ina mata nasiha. Kada ki yi saurin dariya. Ni kullum muna tare, ke sau ɗaya kike zuwa a mako, kuma ni ban taɓa sa wa 'yar kowa barkono ba.

Muka shiga mota. Auta ce ta fara magana, kanta a ƙasa. Ta ce, “Umma, ba maganarki ce ba na so ba. Hannuna ne ba ya samun wurin zama in kina yi.”

Na haɗiye wannan da ƙyar. Likitar ta so in daina nasihar gaba ɗaya. Ba zan daina ba. Gidan da uwa ta yi shiru, titi ne ke tarbiyyar 'ya'yansa. Amma na sayo buhun fulawa ƙarami da safar hannu. Yanzu in ina da magana, sai in kwaɓa fulawa a babbar roba, in ajiye a gabanta, ta yi ta murza ina faɗin abin da ke raina. Jiya na yi rabin awa a kan yadda take barin takalmi a bakin ƙofa, ba ta taɓa yatsa ko ɗaya ba. Burodi ya ishe mu a gidan nan, babanta har ya fara roƙo a sassauta.

Yatsu biyu sun rufe. Babban yatsan ne ya rage, jiya da safe ta sake taɓa shi, ta rubuta da kanta. Saura kwana shida ta koma wurin mai gidan burodin, kuma ba zan bari kowa ya ɓata mata su ba.

Don haka ga dokar gidana daga yau. Ba mai kama hannun Auta ya duba, ba mai tambayar yatsunta, ba mai kawo magani daga jaka. Duk wanda ke da faɗan da zai yi mata, har ni da na haife ta, sai ya fara kwaɓa fulawa. In za ki zo Asabar, ki bar barkononki a gida, ki taho da naki buhun.

Ki gai da yara.

Yayarki,
Maman Auta