Kada Ku Rushe Masallacin Tudun Marke

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacin Juma'a na Tudun Marke, Alhaji Garba, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar gari baki ɗaya.

Yau Talata nake rubutu daga ɗakina a Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou. Ana ruwa tun safe, ƙafafuna sun kumbura, tarin nan kuma bai sake ni ba, saboda haka ku yi haƙuri da karkacewar rubutun. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Sule na gidan Malam Audu. Na yi karatun aikin masaƙa a ƙasar nan tun ina saurayi, da masaƙarmu ta gida ta tsaya na dawo nan ina yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta. Na so a karanta wannan takarda a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka ɓata sunan gidanmu.

Na ɗaya. Ƙanwata Hajiya Ladi ta aiko mini da kaset. A ciki ta ce ranar Juma'ar da ta biyo bayan faɗuwar bangon arewa na masallacinmu, an tashi bayan salla an shaida wa mutane cewa bangon ya faɗi ne don gidan da ke da alhakinsa sun yi watsi da shi, babbansu ya tare a China. Ranka ya daɗe, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ka san haka.

Yara ba su sani ba, bari in faɗa musu. Masallacin nan ya girmi ganuwar gari. Kakanninmu sun ce tun kafin jihadi da daɗewa ake salla a cikinsa, kuma ba wanda ya riƙe sunan maginin. Da tubalin ƙasa aka gina shi, aka ɗaure rufin da azara a kan ginshiƙai shida masu kauri, aka tayar da bakan gizo daga kowane ginshiƙi zuwa ɗan'uwansa, har mutum ya ɗaga kai ya rasa inda ɗaya ya ƙare. Ba ƙusa ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya raya shi har yau shi ne yaɓe. Kowace shekara bayan an gama girbi, kowane gida ya fito ga bangonsa: mata su ɗebo ruwa, maza su tattake ƙasa da ciyawa, a yaɓe, a bi da makuba. Bangon arewa namu ne. Ina yaro na ga inda ya ɗan fashe, yaɓe a kan yaɓe kamar ɓawon albasa, mahaifina ya nuna mini shatin yatsun kakansa a can ciki. Ko da na bar gida, 'ya'yan ƙanena ba su taɓa fashin wannan aiki ba.

Na biyu. Wa ya hana yaɓen? Kwamitinku ne. Kun ce wahala ce ta mutanen da, kuka sa aka lulluɓe bangayen da siminti, kuka cire indararo kuka sa bututun roba. Yaranmu sun zo da ƙasarsu a kwaɓe aka kore su. Ginin ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani. Da kuka rufe shi, ruwa ya riƙa shiga ta tsagar siminti ba ya samun hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu. Abin da ya tsaya tun zamanin da ba mai iya tunawa, simintinku ya kayar da shi cikin 'yan damuna kaɗan. Sannan a ce mu ne?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Alhaji Garba, ƙanenka Alhaji Bala ya iso nan ta Hongkong, ya same ni a kwance, ya ce in taimaka masa da baki zai sayi kayan gini. Na ɗauka na gidansa ne. Na tashi da sandata na bi shi kasuwa-kasuwa, ina hawa bene ina hutawa, ina roƙa masa ragi a wurin masu shaguna. Sai da muka zo kan koren tayil ya ce in tambaya ko zai dace da wurin tsayuwar liman. Na tambaye shi wane masallaci. Ya yi dariya ya ce ai da rani za a kawo katafila a share tsohon gaba ɗaya, a yi na bulo da kwano. Ashe da bakina na yi cinikin abin da za a binne masallacin kakannina da shi. Alhaji Garba, na ɗauke ka a kafaɗa ranar yaɓe kana ƙarami. Ban cancanci wannan daga gidanku ba.

A birnin nan akwai wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya kamar kyandir, can nake zuwa Juma'a idan jiki ya yarda. Mutanen nan suna rushe unguwa guda su tayar da benaye kafin ka ankara, amma wannan sun bar shi, suna gyara shi da irin kayansa. Su da suke ƙera tayil ɗin ma ba su manna wa hasumiyarsu ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku dakatar da katafila. Ku ɓare simintin da ya rage a sauran bangaye kafin su bi sahun na arewa. Ku bar gidanmu ya sake tayar da bangonsa da tubali, akwai sauran tsofaffin magina a ƙauyukan kewaye. In jama'a ta yi yawa ana son sabon masallaci, ga fili nan ta kudu, a gina, tayil ɗin ya yi amfani a can. Sannan wanda ya tashi ya faɗi waccan magana ya sake tashi a wuri ɗaya ya janye ta. Ba na jin zan sake ganin Tudun Marke, kuma ba na so in mutu ana kiran gidan Malam Audu gidan da ya kayar da masallaci.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon yin adalci, Ya sa ku gama da shugabancin nan lafiya.

Wassalam.
Naku, Sule Audu, Guangzhou.

Ƙari: Alhaji Bala ya yi alkawarin zai biyo bayan La'asar ya karɓi takardar nan ya kawo muku hannu da hannu, kuma ba zai loda kaya ba sai kun amsa. Na dafa shayi na jira har aka yi Magariba. Bai zo ba. Maƙwabcina ɗan Damagaram ya ce tun da hantsi ya ga an rufe kwantenarsa. Zan nemi wani ya kawo.