Akwatin Kifin da Surukinka Ya Rage wa Tsawo

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena. Yaya gwiwar taka? Mu nan sai godiya.

Surukinka yana gida kwana biyu. Injin wurin aikinsu ne ya ɗan taɓa masa hannun dama, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa tukuna. Da sauƙi, kada ka gaya wa Inna.

Kafin a sallamo shi, wata guda ya yi a asibiti ba ya son magana. Da ya dawo, sai wani maƙwabci da zai tashi ya bar mana tsohon akwatin kiwon kifi, ƙato, na roba mai kauri, garau kamar gilashi. Ya fi bangon falonmu tsawo da taƙi guda, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na ce a mayar. Ya ce, "Bari mu gani."

Baba, kai da ka tsufa a kafinta, da ka jinjina masa. Ya auna sau uku, ya sa na riƙe, ya yanke gefe ɗaya da zarto mai ƙananan haƙora, da hannun hagu, a hankali don kada robar ta tsage. Kwana huɗu yana gogar bakin kafin ya manne.

Da muka cika shi da ruwa, ya shimfiɗa jarida a ƙarƙashi. Har la'asar ko ɗigo babu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gobe ki raka ni wurin likitan hannun nan." Sau uku fa yana ƙin zuwa.

A sa mu a addu'a. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka ta fari.