Dundumin Baba da Hantar Goggo

Yendi, daren Alhamis, daminar 1964

Alhamdu lillahi! Yau Baba ya je sallar lisha ya dawo, ba wanda ya riƙe masa hannu. Wata biyu dundumi ya hana shi fita bayan magariba. Goggo ta ce a gasa masa hanta, ya ƙi, wai camfin tsofaffi ne.

Sai na lanƙwasa waya kamar lauje, na ce, “Baba, akwai ƙwayar sinadari mai wannan siffa a ido. Haske na taɓa ta sai ta miƙe, daga nan gani ke farawa. Hanta ke kawo ta.”

Kwana bakwai yana ci. Ɗazu ina ta hura hanci, ya ce, “Malam, shekara nawa ka yi a boko kafin ka kamo Goggonka?”