Ni Na Ɗaura Hankicin

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi bayan doguwar tafiya, matata ta shekara goma sha huɗu, wadda yau ban san ko ina da bakin kiranta da waɗannan sunaye ba.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kansa ke sunkuye. Wannan ita ce takarda ta huɗu. Ta farko na cika ta da uzuri, na yaga. Ta biyu na yi ta yabonki har na manta abin da ya sa na ɗauki biro. Ta uku ta fito kamar rahoton ofis. Ban san ko wannan za ta fi su ba, amma na yi wa kaina alkawari ba zan yaga ta ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba ki yi mini tambayar nan ba. Na ƙirga, kin san halina, yana rubuce a littafina. Tun da na fara wannan aiki, duk yamma idan na shigo na rataye jaka a ƙusar bayan ƙofa, kina kan keken ɗinki, ko kai ba ki ɗagawa za ki ce, "Malam Agogo, yau sama ta sha ruwa, ko da ƙishi ta wuni?" Ni kuwa in tsaya ina yi miki bayani tsakani da Allah, ke kina dariya ƙasa-ƙasa, allura a bakinki. Yanzu abinci yana nan a rufe a kan tebur, riguna a goge, "sannu da zuwa" ba ta yanke ba, amma irin wadda ake yi wa baƙon maƙwabci ce. Wayyo ni! Da faɗa kika yi mini da na samu sauƙi. Wane irin hukunci ne wannan, a yi wa mutum komai a hana shi tambaya ɗaya?

Bari in sake faɗa miki aikina, ba don ba ki sani ba, sai don in ga girman abin da na ɓata a rubuce da hannuna. Can sama da gizagizai akwai iska busasshiya ƙwarai. Idan aka raba ta kashi miliyan, kashi huɗu ko biyar ne kawai tururin ruwa, kuma masana sun ce wannan ɗan mitsitsin yana da hannu a yawan zafin da duniya ke riƙewa. Akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta kan tasharmu ta binciken yanayi wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, yana auna tururin daga nesa, ba ya taɓa shi. Mai hange daga nesa yakan yi kuskure, idonsa kuma yakan tsufa. Shi ya sa sau biyu a wata nake sakin balan-balan ɗauke da na'ura mai ɗan madubin da bai kai farcen yatsa ba. Ana sanyaya madubin har raɓa ta kwanta a kansa, daga nan a gane yawan ruwan da ke cikin iskar. Sai a ajiye lambar da na samu kusa da ta tauraron. Idan sun zo ɗaya, an yarda da shi. Ni mai shaida ne, kin gani. Mutum mai takardar sakandare, shi ke shaidar tauraro! Da wannan nake tinƙaho a zuciyata shekara tara.

Dokar farko ta aikin, wadda ni na rubuta ta da alƙalami na manna a bango: kada wani abu mai laima ya kusanci na'ura ko igiyarta. Ko gumin hannu. Safar hannu nake sawa.

Kin tuna ranar Larabar nan? Kin ajiye ɗinkin mutane kin biyo ni, karo na farko tun da aka ɗauke ni aiki. Rana ta buɗe, filin tasha ba inuwa. Kika zuba ruwan gorarki a kan shuɗin hankicin nan da kika yi wa bakin farin zare, kika ɗora a wuya. Da balan-balan ya cika ya miƙe, kika ja da baya kika ce, "Ashe wannan ƙaton ƙwan ne yake hana ka cin abincin rana a gida?" Ya ke hasken safiyata! Ban taɓa ganin fuskarki kamar ranar ba, kamar gona kwana biyu bayan ruwan farko. Sai wani abu ya shige ni. Ni da ban taɓa tsallaka titi sai a inda aka zana ba, ni da nake jera takalma bisa tsawonsu, na so sau ɗaya a rayuwa in yi abin da ba ya cikin tsari, ki gani. Na miƙa hannu na ce ki ba ni hankicin in aika shi sama.

Kin hana ni. Wannan ne wurin da biro ke yi mini nauyi. Kin ce, "A jiƙe yake fa. Ba za a yi maka faɗa ba?" Na ce, "Ni ne nan mai dokar." Na ɗaura shi a igiya, taƙi ɗaya sama da na'urar, ƙulli biyu. Muka saki. Kika kare ido da tafin hannu, ɗaya hannun yana riƙe da hannun rigata, har ƙwan ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace. A littafina ranar kalma huɗu kawai na rubuta: yau na ji daɗi.

Can sama busasshiyar iska ta tsotse ruwan hankicin, ɗan madubin ya shaƙa. Lambata ta fito ninki uku na ta tauraron. Dakta, shugabar sashen bincikenmu, ta kwana shida tana juya takardu, tana tambayar kanta ko idon tauraron ne ya fara lalacewa, ko kuwa wani sabon abu ne ke faruwa a sama wanda ya kamata duniya ta sani. Ina wucewa ta ƙofarta sau biyar a rana, ina jin ƙarar kujerarta, ban shiga na gaya mata gaskiya ba. A rana ta bakwai ta buɗe hoton da direbanmu ya ɗauka kafin mu saki, ta ƙara girmansa, ta nuna wani shuɗin abu da bakin biro. "Malam, mene ne wannan?"

Ga abin da na ce, ban rage harafi ba: "Ranki ya daɗe, mai ɗakina ce ta ɗaura, na juya baya. Ba ta san kan abin ba."

Ba ta san kan abin ba! Ke da kika gargaɗe ni! Ke da kike auna kafaɗar mutum da ido ki yanka yadi bai yi kuskuren rabin inci ba! Wane bakin ne ya faɗi haka? Nawa ne, wanda yake ce miki sanyin idona. Na daɗe ina tunanin ni mai gaskiya ne. Ashe dai ba a taɓa matse ni ba ne.

Sauran kin fi ni sani. An kafa sanarwa a ƙofar tasha cewa ba a yarda iyalin ma'aikata su shiga ba. Ban gaya miki ba. Ran nan na manta kular abincina, kika taso da ita tsakar rana, hawa mota biyu, Baba mai gadi ya tare ki. Shi ya ba ni labari daga baya, yana kallon ƙasa. Ya ce miki, "'Yata, yi haƙuri, ai saboda ke aka kafa dokar. An ce ke kika ɗaura tsumma a jikin na'ura." Sannan kika miƙa masa kular kika ce, "Baba, ka ci ko ka ba shi, duk ɗaya ne." Duk ɗaya ne. Na rubuta maganar nan a littafina, na rufe, kwana uku ban iya buɗe shi ba. Ina ganinki tsaye a bakin ƙofar nan da rana, kina koyon ko wane ne mijinki daga bakin mai gadi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yau da safe, ƙarfe takwas da minti goma, na shiga ofishin Dakta. Na nemi a kira direba ya tsaya, tun da a gabansa na yi ƙaryar. Na ce ni na nemi hankicin, ni na ɗaura, ƙulli biyu, kuma matata ta hana ni ban ji ba. Dakta ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Lambar ranar tuni na cire ta, wannan mai sauƙi ne. Abin da ban sani ba yanzu shi ne ko zan iya yarda da sauran na shekara tara." An ɗauke ni daga sakin balan-balan har sai an bi littattafaina shafi-shafi. Ko za a mayar da ni, ban sani ba. A babban littafin tasha, ƙarƙashin kwanan watan ranar, na rubuta da jan biro: ni na ɗaura. Na sa hannu.

Da zan fita na tsaya wajen Baba mai gadi na faɗa masa gaskiya shi ma. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni kake gaya wa? Ni aka kawo wa abincin? Wuce gida, malam!" To, ga shi na taho, amma bakina ba zai iya ba, shi ya sa na aiko takarda gaba.

Ban faɗi wannan don ki yaba mini ba. Abin da ya kamata in yi tun ranar farko ne, na yi shi bayan kwana ashirin da wani abu, kuma ban tabbata ba ko don gaskiya na yi, ko don shirunki ya fi ƙarfina. Na binciki kaina ban samu amsa mai tsabta ba. Akwai ma wani abu da nake jin kunyar faɗa: na yi nadamar ƙaryar, na yi nadamar ɓata aikin, amma ɗaura hankicin har yanzu zuciyata ta ƙi yin nadamarsa. Balan-balan ya fashe, hankicin ya faɗo wani wuri da ba za mu taɓa sani ba, amma ɗan ruwan da ya taɓa wuyanki ya zauna can sama da gizagizai, a wurin da ya fi ko'ina ƙishi. Idan tauraron ya wuce da rana nakan ɗaga kai. Ya raɓar asubahina, ya iskar da ke zuwa gabanin ruwa, yaya za a yi mutum ya aika abu mai daraja haka sama, sannan ya jefar da mai shi a ƙasa?

Ba na roƙon ki manta. Ba ma na roƙon ki yafe yau. Zan sa takardar nan ƙarƙashin almakashinki, in tafi in zagaya unguwa. Ƙarfe biyar da minti ashirin zan dawo kamar kullum, in rataye jaka, in tsaya a bakin ɗakin ɗinki. Idan keken ya ci gaba da ƙara, zan wuce in ci abincina, gobe in sake tsayawa, jibi ma haka, ba zan gaji ba. Idan kuwa ya tsaya, ko da ba ki ɗaga kai ba, ko da ba ki ce Malam Agogo ba, ki tambaye ni ko sama ta sha ruwa. Yanzu ba ni da lambar da zan ba ki, an karɓe aikin daga hannuna. Gaskiya kawai zan faɗa miki: ban sani ba, amma ni da ƙishi na wuni.

Naki ne jiya, naki ne yau duk da abin da na yi, naki ne har ranar da za a rufe littafina na ƙarshe,

Mijinki, wanda ya ɗaura hankicin.