Ina Layar Cikin Hular Mahaifina?

Zuwa ga Shugabar ƙungiyar da ta shirya nunin kayan tsofaffin sojojin ruwa a Paris,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni ne Alhaji Isufu, mai kantin yadi a Guillotière, nan Lyon. Wasiƙa biyu na aiko miki shiru, shi ya sa na buɗe wannan kowa ya karanta.

Mahaifina Malam Habu ɗan Damagaram ne. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba sai da aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, aka sa shi can ƙasan jirgin ruwan yaƙi yana zuba wa injin kwal. Har ya rasu bai iya iyo ba. Layar da mahaifiyarsa ta ba shi ranar tafiya, da hannunsa ya ɗinke ta cikin shafin hularsa mai jan tuntu. Ranar da aka harbi jirginsu, an tsamo shi ba riga ba takalmi, sai hular nan a damƙe a hannunsa.

Ga abin da ya faru. Na ɗaya: ma'aikacinki ya zo gidana a Bron, gefen Lyon, ya sha shayina, ya ari hular. Na ɗora yatsansa kan tudun layar, na ce kada a taɓa. Ya rantse ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba.

Na biyu: na je Paris na ga nunin. An kife hular cikin gilashi. Na roƙi a juya mini ita, aka ce doka ta hana. Tun a nan gabana ya faɗi.

Na uku: hula ta dawo ta gidan waya, laya babu. Ɗinkin Baba na baƙin zare ne, karkatacce, ɗinkin mai zuba kwal. Wanda nake gani yanzu farin zare ne, na keke, a miƙe sak. Da na buga waya aka ce wai asu ne ya ci. Ranki ya daɗe, a sayar da yadi na yi furfura, ban taɓa ganin asun da ya ci abu sannan ya ɗinke wurin ba.

Ban ce ke kika ɗauka ba, amma ban yarda ba ki san wanda ya ɗauka ba. Yayata Hajiya Mariyama ta hana ni ba da aron nan, ni na ce mata ku mutanen kirki ne. Har yau na kasa faɗa mata, kuma kunya na ci na.

Roƙona: a nemo mai almakashin, a dawo mini da layar hannu da hannu, ba ta gidan waya ba. In ma an farke ta, a kawo haka. Amma don Allah kada a faɗa mini abin da ke rubuce ciki. Wanda ya shiga teku da ita bai taɓa buɗe ta ba.

Allah ya ba ki ikon riƙe amana, ya tsare miki abin da iyayenki suka bar miki.

Wassalam.

Alhaji Isufu ɗan Malam Habu, Lyon