Gudumar Kawu Evelio

Habana, 20 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Kawuna Evelio,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mama da kowa na gida. Yaya ciwon bayanka? Injin matsar raken naku an gyara shi kuwa, ko har yanzu zama kuke yi kuna kallonsa? Ni dai lafiyata ƙalau.

Abinci akwai shi a sansanin horon nan, ka gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta. Sau uku a rana, har da ƙwai da madara. Ranar da na fara ganin cinyar kaza guda a farantina, sai da na waiwaya in ga da wa za mu raba. Na tuna ka tsaye a bayan ƙofar kicin, ka rataya shinkafar rabon wata a ɗan sikelinka mai ƙugiya, kana tsine wa Don Fermin mai kantin rabon abinci da sikelinsa, har dariya ta kusa shaƙe ni.

Amma Kawu, jifan guduma ya ƙi ni. Ka tuna ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo garinmu? Da gudumar da ka ƙera mini da ƙwallon ƙarfen inji da waya na yi jifan mita hamsin da biyar. Da suka tambayi nauyinta, ka ja su har kanti, ka ɗora ta a sikeli, allura ta tsaya a kan kilo huɗu cif. A nan kuwa sati uku ke nan ban wuce hamsin ba.

Mai horar da mu, Profe Arsenio, ya matsa damtsena a gaban kowa ya ce, "Ke 'yar gabas, da ruwan rake aka yaye ki? Wannan hannu ne ko tsinke? Ƙarfi ne babu, shi ke nan. Daga gobe ɗakin ɗaga ƙarfe." Ya ce ranar gwajin watan Yuni, duk wadda ba ta kai hamsin da shida ba ta ɗaure kayanta.

Kai ka koya mini jifan nan tun ban san hagu da dama a cikin kewayen simintin da ake tsayawa a yi jifa ba. Me ya same ni? Ka rubuto mini, don Allah.

Taka 'yar,
Maidelis


Habana, 9 ga Fabrairu, 1997

Kawu Evelio,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata an fara yankan rake lafiya, Mama kuma tarinta ya yi sauƙi.

Amsarka ta iso. Layi uku, bayan wata uku ina jira! "Ki bi maganar malaminki, ki ci abinci, muna alfahari da ke." Ko akawun gidan waya ya fi ka hira.

To, na bi maganar malami. Na ƙara kilo goma sha ɗaya. Rigar da Mama ta ɗinka mini ta ƙi shiga kafaɗata. Ina tsugunnawa in miƙe da ƙarfen kilo ɗari da arba'in a wuya, maza ma tsayawa suke yi suna kallo. Ka san nawa na jefa jiya? Arba'in da tara.

Akwai wadda muke ɗaki ɗaya, Yusimi, siririya kamar sandar sharar gida. Rabin abin da nake ɗagawa ba ta iya motsawa, amma hamsin da takwas take jefawa tana murmushi. In ta shiga juyi ba ka ganin ƙafarta. Ni kuwa yanzu in na fara juyawa, ƙwallon ya riga ni gaba, ƙafata ta dama sai ta sauka a makare, sai in ƙare ina fizgar waya da hannu. Ƙarfin yana nan jibge a jikina, amma kafin ya fito guduma ta riga ta tafi. Kai ka sha gaya mini cewa ba ɗaga ta ake yi ba, gudu ake sa ta, kuma ƙarfin da ba ya fita cikin ƙiftawar ido ba shi da amfani a kewayen jifa.

Na faɗa wa Profe haka. Ya ce, "Au, yanzu maƙerin ƙauyenku ne zai koya mini aiki? Wadda ta jefa hamsin da biyar ta dawo hamsin, jikinta ne ya gaza. A ƙara mata farantin ƙarfe biyu." Yusimi ta raɗa mini, "'Yar uwa, in suka gama da ke, tashar jirgin ruwa za su kai ki dako." Na yi dariya a lokacin, daga baya na shiga banɗaki na yi kuka.

Ga roƙona. Ka aiko mini da gudumata ta hannun Chucho direban babbar mota. Hannuna ya san mariƙinta. Wataƙila in na riƙe ta, ƙafata za ta tuna abin da ta manta. Saura wata huɗu, Kawu. Ba na son in dawo in tsaya layin burodi da wannan ƙaton jikin, mutane suna nuna ni da baki.

Taka,
Maidelis


Habana, 18 ga Mayu, 1997

Kawu,

Ina gaishe ka don an koya mini gaida manya. Ina fata kana lafiya.

Gudumar ta iso ranar Talata. Chucho ya ce ba kai ka ba shi ba. Mama ce ta tono ta daga ƙarƙashin buhunan gawayi inda ka ɓoye, ta naɗe a tsohon zane, ta ce kada ya gaya maka. Na yi mamakin ɓoyon, amma murna ba ta bar ni na yi tunani ba.

Washegari da safe na shiga kewayen jifa da ita. Kawu, sai ka ce ina gida. Juyi huɗu, na saki, ta tafi tana kuka a iska. Aka ja tef ɗin awo, hamsin da huɗu da rabi. Na yi ihu, Yusimi ta ɗane bayana, har masu jifan mashi suka rugo. Wata bakwai ban ji daɗi irin na minti biyun nan ba.

Profe ya je da kansa ya ciro ta daga ƙasa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya ɗan jijjiga, ya dube ni. Ya wuce ɗakin awo, mu duka muka bi shi, ya ɗora ta a sikeli. Kilo uku da rabi.

Ya ce, "Wa ya auna miki wannan abin wasan yaran?"

Na ce, "Kawuna ne, a gaban masu zaɓe. A sikelin kantin rabon abinci na garinmu."

Kawu, ɗakin nan ya fashe. Wani mai jifan faifai ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki. Ya ce, "Sikelin kanti! Wallahi ko ni na hau shi, sai ya ce mu biyu ne!" Wata ta ce, "Ku bar yarinya, ai ita ma rabon wata aka ba ta, shi ya sa bai cika ba." Ni kuwa na tsaya ina kare ka. Na ce kawuna mutumin kirki ne, kuskure ne, kowa yana yi. Na kusa marin mutum a kanka.

Sai da na zauna a gaban farantin shinkafa da baƙin wake da rana, sannan abin ya faɗo mini. Sikelinka mai ƙugiya. Shekara nawa kana rataya shinkafarmu a kansa kana cewa Don Fermin ya sake cinye mana rabin kilo a cikin huɗu? Duk garinmu babu wanda ya san ƙaryar sikelin nan kamar kai. Naka na gaskiya yana rataye a bayan ƙofa, taku goma daga inda nake jifa. Amma ka ja baƙi cikin rana har kanti.

Ka sani, Kawu. Tun ranar da ka ƙera ta ka sani.

Maidelis


Habana, 22 ga Yuni, 1997

Zuwa ga Kawu Evelio,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da Mama. Wasiƙarka ta same ni, wannan karon shafi huɗu. Ashe ka iya rubutu.

Na karanta duka. Ka ce ka tuna ranar da na faɗi a layin burodi, ka ɗauko ni a kafaɗa ka ji kamar buhun da babu komai. Ka ce ka san a sansani ana ba da madara, kuma da guduma mai cikakken nauyi hamsin zan jefa, su kuwa hamsin da uku suke nema. Ka ce kowane uba haka zai yi. Wataƙila. Na ci madarar, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma da ka tsaya a nan da na yafe maka tuni.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne shirunka. Na rubuto maka a Oktoba ina tambayarka me ya same ni, alhali amsar tana ƙarƙashin gawayinka. Babu abin da ya same ni. Hamsin ɗin nan shi ne jifana na gaskiya, ban taɓa komawa baya ba. Da layi ɗaya ka rubuto, da an ɗora a kan saurin da nake da shi, ana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Sai aka shafe wata bakwai ana yi mini maganin ciwon da ba ni da shi, har aka kashe abu ɗaya da na zo da shi daga gida. Ka tsare mutuncinka, ka bar ni ina ɗora farantin ƙarfe a wuya.

Profe da kansa ya gane. Bayan ranar awon ya cire ni daga manyan ƙarafa, ya sa ni tsalle-tsalle da gudun mita talatin da juyi babu komai a hannu. Har gudumar taka ya sa a cikin horo, wai mara nauyi tana koya wa ƙafa sauri. Ya ce, "Maƙerin nan naku maƙaryaci ne, amma ya san jifa." Ƙafata ta fara dawowa. Sai dai sati biyar ba ya gyara wata bakwai.

Jiya aka yi gwajin. Hamsin da uku da ɗigo huɗu, da kilo huɗu na gaskiya. A rayuwata ban taɓa yin jifa mai kyau irinsa ba, na ji shi tun daga dunduniya har yatsu. Babu wanda ya tafa, don kowa ya san lissafin. Profe ya cire hularsa ya ce, "Da a Janairu muka fara, da kin wuce." Da ma ya yi shiru. Yusimi ta yi hamsin da tara, ta kuma fi ni kuka.

Akwai kuma Nereida, 'yar garin da ke gaba da namu. Ka tuna ta? Ita ta zo ta biyu a ranar zaɓen, da gudumar makarantarsu ta gaskiya, hamsin da uku. Gurbi ɗaya ne, ni na hau mota, ita ta koma gonar tumatir. Wata tara ina cin kazarta. A shafi huɗun nan naka ban ga sunanta ba.

Zan taso ranar Juma'a a jirgin ƙasa. Kada ka zo tasha, Chucho zai ɗauko ni. Ba gida zan fara sauka ba. Zan je wurin Nereida da gudumar a hannu in gaya mata, in ta ga dama ta zage ni, in ta ga dama ta jefe ni da ita. In kana da ƙarfin zuciya ka same ni a can, ka zo da sikelinka mai ƙugiya.

Ka gaida Mama, ka ce ta buɗe ɗinkin kafaɗar sauran rigunana.

'Yar ƙanwarka,
Maidelis